Daga Akwatin Tsaba Zuwa Tsakar Gidan Zango

A wani gidan haya a Kwadaso, cikin Kumasi, na fara ganin Pac-Man, a shekarun 1990. Talabijin ɗaya ce a gidan, na'urar gem ɗaya, mu kuwa yaran mun fi goma. An sayo na'urar ne a kasuwar Kejetia, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta wa cewa wasanni dubbai ne a ciki. In ka kunna sai ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Sai da na girma na gane cewa yawancin wasannin nan ba don gida aka ƙirƙire su ba.

Asalinsu manyan akwatuna ne masu tsayin mutum, da ake jerawa a shagunan wasa na Japan da Amurka. Ka jefa tsabar kuɗi, a ba ka rai uku, in sun ƙare ka sake jefawa ko ka matsa wa na baya. A 1978 kamfanin Taito ya fito da Space Invaders na Tomohiro Nishikado. A 1980 Namco ya fito da Pac-Man na Toru Iwatani, sai Donkey Kong na Nintendo a 1981. Kowane akwati wasa ɗaya tak aka gina shi ya yi, don haka duk ƙarfinsa a kan wasan nan yake ƙarewa. Da gangan kuma ake tsananta wasan, domin ribar mai shago tana cikin saurin mutuwar mai wasa.

Shigar da su gida shi ne aikin. Na'urar Atari 2600, wadda ta fito a 1977, ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce kacal, abin da bai kai haruffan layi biyu na wannan shafin ba. Duk da haka Space Invaders ɗinta na 1980 ya karɓu. An rage maharan daga 55 zuwa 36, amma fargabar ganin suna saukowa suna ƙara sauri tana nan, an kuma ƙara masa salo 112 na bugawa. Mutane suka riƙa sayen na'urar saboda wasan kaɗai.

Pac-Man bai yi wannan sa'ar ba. Tod Frye ne ya rubuta na Atari a kaset mai kilobayit 4, ya fito a 1982. Allon akwatin asali a tsaye yake, talabijin kuwa a kwance, dole aka sake fasalin lungunan. Ɗigon da ake cinyewa ya koma gajerun layuka. Na'urar ba ta iya zana fatalwa huɗu a lokaci guda, sai aka riƙa nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri, suna ƙyaftawa har ido ya gaji. An sayar da kaset wajen miliyan 7, amma masu saye da yawa sun ji an sayar musu da biri a rami. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta faɗi, har Atari ya binne tarin kaset a Alamogordo, jihar New Mexico, inda aka tono wasu a 2014.

A wannan shekarar ta 1983, ranar 15 ga Yuli, Nintendo ya fito da Famicom a Japan, tare da Donkey Kong, da Donkey Kong Jr., da Popeye. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 2 ce, ninki goma sha shida na ta Atari. Wasannin suka yi kama da na akwati sosai, ko da yake Donkey Kong ya rasa ɗaya daga matakansa huɗu, wato na masana'antar siminti. Kwaikwayon wannan na'urar ne, wanda aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin, ya iso mana Zango da araha. Ta nan muka san Galaga, da Circus Charlie, da Road Fighter, da Contra. Talabijin ɗinmu kuma tana sauya hoto sau 50 a daƙiƙa, ta Japan sau 60, saboda haka wasan da kiɗansa suna tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ba wanda ya lura, tunda ba mu da abin gwadawa. Wanda bai san tuwon gidan wani ba, na gidansu ne ya fi daɗi.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki, mai karatu. An ƙera na'urar gida ne don yaro ya zauna shi kaɗai ya yi ta wasa ba tare da jefa ko kwabo ba. Da ta zo hannunmu sai ta koma yadda ta faro. Dokarmu ɗaya ce: wanda ya mutu ya miƙa. Rai ukun nan da aka tsara don cin tsaba su suka zama ma'aunin layi. In ka yi sakaci sai ka jira mutum tara kafin madannin ya dawo hannunka, kana addu'ar kada a ɗauke wuta, kada kuma Hajiya ta ce lokacin makarantar allo ya yi. Daga baya wasu samari suka kafa benci da talabijin a ƙofar shago suna karɓar kuɗi. Shagon tsabar ya dawo ke nan, sai dai babu akwati.

Yau yaran gidanmu kowa da waya a hannu, rai kuma ba ya ƙarewa, in ka mutu ka danna ka ci gaba. Kwanaki na sa wa ɗan ƙanwata Galaga. Ya mutu sau uku cikin minti ɗaya, ya ɗago ya ce, "Kawu, shi ke nan?" Na ce masa shi ke nan, miƙo.