Tarihin Katakon Da Yake Shafa Wa Kansa Mai

Yau tarihin wani katako za mu taɓa, sunansa Lignum Vitae, da Latinanci ma'anarsa "itacen rayuwa". A tsibiran Karebiyan yake fitowa, irin su Jamaika da Bahamas. Tsabar nauyinsa, in ka jefa shi cikin ruwa nutsewa yake kamar dutse.

Turawa sun fara kai shi Turai a farkon shekarun 1500, suna dafa shi a sha wai maganin tunjere ne. Daga baya aka gane amfaninsa na gaskiya: akwai wani ƙaro mai maiƙo a jikinsa, duk inda ya gogu da ƙarfe sai ya yi santsi, ba sai an ɗiga masa mai ba.

Wajen 1722 wani kafinta ɗan Ingila, John Harrison, ya sa shi cikin agogon da ya haɗa a Brocklesby Park. Agogon nan har yau yana aiki ba a sa masa mai. A 1854 injiniya John Penn ya yi boris ɗin sandar farfelar jirgin ruwa da shi, saboda na tagulla saurin cinyewa suke. Kai, har Nautilus, jirgin ƙarƙashin ruwa na nukiliya na farko da Amurka ta ƙaddamar a 1954, da wannan katakon aka yi nasa boris ɗin.

Matsalar ita ce bishiyar ba ta girma da wuri, ga sara ba ƙaƙƙautawa. Yanzu tana cikin jerin yarjejeniyar CITES, ba a fitar da ita daga ƙasa sai da takardar izini.

Ku tura wa abokanku masu gyaran inji su ma su gani.