Zaman saƙa na ƙarshen mako da tarihin matan Shetland

Zaman saƙa na ƙarshen mako wani nau'in hutu ne da ya yaɗu a Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashen Turai. Masu sha'awar saƙa kan bar gidajensu su tare a otal ko wani gidan gona tun daga yammacin Juma'a har zuwa Lahadi, suna saƙa, suna ɗaukar darasi a hannun gwanaye. Kowa da kuɗinsa yake zuwa: ya biya na makwanci, ya biya na abinci, ya biya na koyo. Kalmar da Turawa ke kiran irin wannan zama da ita asalinta ta masu ibada ce, kusan abin da Bahaushe zai kira halwa, sai dai a nan ba shiru ake yi ba, hira ce da shayi har dare.

Kalmar saƙa tana da faɗi a Hausa, don haka ya kamata a ware wadda ake nufi. Ba saƙar masaƙa ba ce, wadda ake fitar da zanen saƙi da ita, ba kuma ta kwarashi ba ce mai ƙugiya ɗaya. Wannan ita ce ta tsinke biyu ko fiye, wadda ake yin suwaita da safa da hular sanyi da ita, ana ɗaukar ƙulli daga wannan tsinke zuwa wancan har layi ya cika. Zaren kuwa na gashin tumaki ne. Tumakin ƙasar Hausa, irin su Balami da Uda, ba su da gashin da ake kaɗawa, kuma galibin abin da ake kira ulu a kasuwa na roba ne. Tumakin ƙasashen sanyi su ne ake sausayewa sau ɗaya a shekara, a wanke gashin, a shaƙe shi, a kaɗa.

Yadda zaman yake gudana

Tsarin bai cika bambanta ba. Daren Juma'a na gaisawa ne da nuna aikin da kowa ya zo da shi. Asabar ce ranar aiki: aji ɗaya da safe, ɗaya bayan abincin rana, kowanne da mutane kaɗan don malama ta iya leƙa hannun kowa. Ana koyar da haɗa launuka, da juya dunduniyar safa, da gyaran tufar da ta ɓule, wani lokaci har da kaɗi da rini. Akan keɓe ɗaki ga masu sayar da zare. Ranar Lahadi a ƙarasa abin da aka fara, a watse. Mafi yawan mahalarta mata ne, da dama ma'aikata ko waɗanda suka yi ritaya, kuma ba don neman abinci suke saƙar ba.

Intanet ce ta haɓaka harkar. Tun da aka buɗe shafin Ravelry a 2007, masu saƙa a ƙasashe dabam-dabam suka san juna, suna sayen tsarin saƙa kai tsaye daga hannun masu ƙirƙira shi. Wanda ya shekara yana hira da mutane ta waya, ba abin mamaki ba ne ya so ganinsu ido da ido.

Wurin da masu wannan sha'awa suka fi ɗokin zuwa shi ne Shetland, kuma tarihinsa ne ya fi bayyana abin da ke ƙarƙashin wannan hutu.

Tsibiran da saƙa ta riƙe

Shetland tarin tsibirai ne kusan ɗari a can arewacin Scotland, waɗanda mutane ke zaune a kansu ba su kai ashirin ba. Jama'arsu kimanin 23,000 ne, babban garinsu Lerwick. Daga birnin Aberdeen jirgin ruwa yakan kwana yana tafiya, awa goma sha biyu ko fiye. Har zuwa 1469 tsibiran suna ƙarƙashin sarautar Norway, shi ya sa harshen mutanen ke cike da kalmomin can. Ƙasa ce mai iska, bishiya sai ɗai-ɗai, noma kuma ba ya ƙosar da gida. Abin da ke jure wa wurin shi ne wata ƙaramar tunkiya mai laushin gashi, wadda ke zuwa da launuka na halitta har goma sha ɗaya, daga fari zuwa toka-toka zuwa ruwan ƙasa zuwa baƙi. A da ba a sausaye ta da almakashi. Da hannu ake fige gashin idan lokacin zubarsa ya yi.

Saƙa ta daɗe a nan. A 1951 wasu masu haƙa a Gunnister suka tono gawar wani mutum da ya mutu wajen shekara ta 1700, sanye da safa da hula na saƙa, da 'yar jakar kuɗi mai ado da launuka, a cikinta akwai tsabar Holland da Sweden. Wannan ya dace da abin da aka sani, cewa masunta daga Holland da fatake daga Jamus sun daɗe suna sayen safa da safar hannu a bakin tekun Shetland.

Maza suna teku, kamun kifi ko aikin jirgi, da yawa kuma ba su dawowa. A ƙarni na 19 mata sun fi maza yawa ƙwarai, gona da dabbobi da yara duk suna wuyansu. Saboda haka saƙa ba aikin zama ba ce a wurinsu. Mace takan ɗaura ɗamarar fata mai 'yar matashiya cike da gashin doki, ta soke ƙarshen tsinke ɗaya a ciki don ya tsaya da kansa, ta goya kwandon makamashi, tana tafe tana saƙa. Wannan ɗamara ce sirrin saurinsu. Hazel Tindall, 'yar Shetland da ta lashe gasar saurin saƙa ta duniya a Minneapolis a 2008 da ƙulli 262 cikin minti uku, da ita take aiki.

Salo biyu ne suka fitar da sunan tsibiran. Na farko shi ne saƙa mai huji-huji kamar leshi, wadda tsibirin Unst ya shahara da ita: mayafi mai faɗin kusan mita biyu, amma saboda sirantar zaren ana iya zura shi ta cikin zoben aure. Na biyu shi ne salon Fair Isle, sunan wani ɗan tsibiri da mazaunansa ba su kai ɗari ba. Ƙa'idarsa ita ce launi biyu kacal a kowane layi, ana saƙa da ɗaya, ɗayan yana bi ta baya, sai rigar ta zama mai ninki biyu, iska ba ta ratsa ta. Ana saƙa rigar a zagaye kamar buhu, daga baya a sa almakashi a yanke wurin hannuwa. Wannan yankan shi ne darasin da baƙi suka fi jin tsoro, domin ba kowa ke iya sa almakashi a aikin wata guda ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa ma'aikatan wani jirgin yaƙin Sifaniya da ya fashe a Fair Isle a 1588 ne suka koya wa mutanen wannan ado. Jirgin dai ya fashe, wannan tabbas ne. Batun koyarwar kuwa masana ba su sami hujjarsa ba.

Kasuwar rigar ta buɗe ne a farkon shekarun 1920, lokacin da Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas, ya fito da ita a filin wasan golf. Shi ne yariman da aka yi wa hawan daba a Kano a 1925.

Ladan saƙa da ganyen shayi

Duk da wannan suna, mai saƙar ba ta ga kuɗi ba. A ƙarni na 19 cinikin ban gishiri in ba ka manda ake yi, amma mai kanti ne ke yanke farashin gishirin da na mandar. Mace takan kai mayafi ko safa kanti, a ƙiyasta kuɗinsa, a ce ta ɗauki kaya: ganyen shayi, yadi, sabulu. Idan ba ta bukatar komai a ranar, a ba ta 'yar takardar shaidar abin da take bi. Matsalar ita ce kantunan da ke karɓar saƙa galibi ba su sayar da gari ko burodi, kuma ba a biyan haya da shayi. Sai ta ɗauki shayin ta bi maƙwabta tana sayarwa a ƙasa da kuɗinsa don ta sami tsaba. Mai kanti ya ci riba a kan mayafin, ya ci a kan shayin, ita kuwa ta yi asara a ƙarshe.

A 1872 gwamnatin Birtaniya ta tura wani lauya, William Guthrie, ya saurari shaidu a Shetland, mata masu saƙa da dama suka bayyana a gabansa. An tsaurara doka a 1887, amma al'adar ba ta mutu ba, domin macen da ta kai ƙarar mai kantin ƙauyensu ba ta da wani wurin kai kayanta gobe. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karya ta, lokacin da dubban sojoji suka sauka a tsibiran suna sayen riguna da kuɗi hannu. Bayan haka injin saƙa ya shiga gidaje. Sai kuma man fetur: da aka buɗe tashar mai ta Sullom Voe a 1978, mata da yawa suka ajiye tsinke suka kama aikin albashi, kuma da wuya a ga laifinsu.

Shekarar 2010

Abubuwa biyu masu karo da juna sun faru a shekara guda. Majalisar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantun firamare don ta rage kashe kimanin fam 130,000 a shekara. A wannan shekarar kuma Yarima Charles, sarkin Birtaniya na yanzu, ya ƙaddamar da gangamin farfaɗo da kasuwar gashin tumaki, wanda farashinsa ya faɗi har ba ya biyan ladan sausaya. A inuwar wannan gangami aka fara Makon Ulu na Shetland. Wato a shekarar da aka daina koya wa 'ya'yan gida kyauta, a ita aka fara koya wa baƙi da kuɗi.

Makon Ulu shi ne zaman ƙarshen mako da aka faɗaɗa. Ana yin sa daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, bayan masu yawon buɗe ido na bazara sun tafi, lokacin da masaukai kan zama fayau. Ɗaruruwan mutane ke zuwa daga Amurka, Kanada, Japan, Ostireliya da sassan Turai. Azuzuwan suna warwatse a ɗakunan taro na ƙauyuka da gidan adana kayan tarihi na Lerwick, ana kuma kai baƙi gonaki, da masana'antar kaɗi ta Jamieson's da ke Sandness, da rumbun Jamieson & Smith a Lerwick, kamfanin da ke sayen sama da kashi 80 cikin ɗari na gashin tumakin tsibiran. Kowace shekara akan zaɓi gwani guda ya jagoranci bikin, ya ƙirƙiro hular shekarar, mahalarta su saƙa ta tun daga gida su zo da ita a ka. Hazel Tindall ce ta 2014, Donna Smith ta 2015 da hularta mai hoton tumaki, wadda ta bazu a duniya. A 2019 aka karrama Oliver Henry, wanda ba da saƙa aka san shi ba. Ya shafe sama da shekara hamsin yana tantance gashin tumaki da tafin hannunsa. A 2020 annobar korona ta mayar da bikin kan intanet.

Inda ribar take

Ɗan kasuwa zai fi gane lamarin da lissafi. Ana yawan ƙiyasta cewa rigar Fair Isle ta babban mutum, idan da hannu aka saƙa ta gaba ɗaya, tana cin awa ɗari ko fiye. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ya kasance fam 11.44 a awa. Ladan aikin kaɗai ya haura fam 1,100, ba a sa kuɗin zare ba, kuma masu sayen riga a wannan farashi ba su da yawa. Amma gwanar da ta tara mutum goma a aji na awa uku, ko ta rubuta tsarin hula guda ta sa a intanet ana saye shekara da shekaru, ta sayar da abin da ke kanta ba tare da ta gajiyar da yatsunta ba. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa zaman saƙa ya bunƙasa: a yau koyar da sana'ar ya fi yin ta kawo kuɗi. Yana da nasa aibin. Kujerun azuzuwan da aka fi so kan ƙare jim kaɗan bayan an buɗe sayarwa, kuɗin jirgi da masauki kuma ya sa bikin ya fi zama na masu hali. Sannan wadda ta iya saƙa amma ba ta iya tsayawa gaban baƙi ta yi bayani ba, ba ta da babban rabo a wannan kasuwa.

Sunan ma ba a hannunsu yake ba. Kowace masana'anta a ko'ina tana iya buga riga mai irin adon ta kira ta Fair Isle. A Disambar 2015 kamfanin kayan ƙawa na Chanel ya nuna wasu riguna a birnin Rum masu kama da na Mati Ventrillon, wata mai saƙa da ke zaune a tsibirin, bayan ma'aikatansa sun ziyarce ta sun sayi samfuri. Da ta yi ƙorafi a kafafen sada zumunta, kamfanin ya nemi afuwa, ya kuma amince ya ambaci sunanta.

Yaran gida kuwa 'yan sa-kai ne suka ɗauki nauyinsu. A 2015 wata gidauniya mai suna Brough Lodge Trust ta fara shirin ShetlandPeerieMakkers, wato ƙananan masu saƙa a harshen tsibiran. Gwanaye kan je makarantun firamare su koyar kyauta, a ba kowane yaro zare da tsinke da 'yar ɗamarar fata daidai ƙugunsa. Kuɗin fara shirin daga gudummawar jama'a aka tara shi ta intanet, cikin masu bayarwa har da masu saƙa na ƙasashen waje.