Nazari Kan Kafa Unguwar Ƙirƙira Ƙarƙashin Jami'ar Maraɗi: Darasi Daga Agye, Gazawa da Gidan Runji

Gabatarwa

Abin da ake nufi da unguwar ƙirƙira shi ne yanki guda inda jami'a ke tara ɗakunan bincike, ƙananan kamfanoni masu tasowa da masu zuba jari, domin binciken malamai ya zama hajar da ake sayarwa. Jami'ar Stanford ta Amurka ta fara irin wannan a 1951, kuma tun daga lokacin ƙasashe suke kwaikwayo. Wannan nazari yana duba yadda ya dace a tsara irinta a ƙarƙashin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi. Hujjar da yake kafawa ita ce, ƙirƙirar ta riga ta tsiro a gonakin gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta kai ta kasuwa.

Abin da ke ƙasa tun yanzu

Jami'ar ta samo asali daga cibiyar koyar da fasaha da aka buɗe a 2008, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010, kuma tana da tsangayar noma da muhalli. Kusa da ita, a Tarna, akwai tashar hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN. Misalai uku sun nuna abin da haɗuwar masana da manoma ta haifar a wannan jaha.

Na farko shi ne sassabin zamani. Tun daga 1983 Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gona, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a datse sauran. Garin Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna wajen kafa kwamitocin da ke tsaron itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Na biyu shi ne yaƙi da murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Masanan Maraɗi, ciki har da Farfesa Ibrahim Bawa, suna kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro da ke kashe tsutsar. Ana zuba shi cikin ƙaramin buhun algarara tare da tsabar gero da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, a rataye a jikin itace ko rumbu, 'ya'yansa su fito su bazu cikin gonaki.

Na uku shi ne buhun PICS mai rufi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da Jami'ar Purdue. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan aka ɗaure kowane da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaron wake, ya mutu ba tare da an zuba magani ba.

Inda gizo ke saƙa

Buhun PICS shi ne ya fi bayyana giɓin. An gwada shi sosai a rumbunan Nijar, amma masana'antar da ta yi fice wajen ƙera shi, Lela Agro, a Kano take. Haka lamarin yake ga aya, riɗi da gyaɗa da ake nomawa a Agye da Gazawa: akasari ɗanyu suke ƙetara iyaka, ribar sarrafawa ta tsaya a wani wuri. Matashin da ya gama jami'a da niyyar tatsar madarar aya ko man riɗi ba ya rasa ilimi. Abin da yake rasa shi ne wuta tsayayya, ɗakin gwajin inganci, takardar shaidar hukuma da jarin somawa. Yanke wutar da Najeriya ta yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna cewa duk shirin da ya jingina da lantarkin waje kaɗai, an gina shi a kan rairayi.

Tsarin da wannan nazari ke ba da shawara

Da farko, a kafa cibiya ɗaya a harabar jami'a mai wutar rana, da ɗakin gwajin abinci da iri, da injinan da ƙananan kamfanoni za su riƙa haya. Cibiyar CIPMEN ta Yamai, wadda ke rainon sababbin kamfanoni tun 2014, tana da ƙwarewar da za a ɗauka.

Na biyu, a buɗe reshe a kowace gunduma gwargwadon abin da ta fi ƙarfi a kai: itatuwa da iri a Agye, sarrafa aya da riɗi a Gazawa, ajiyar wake da gero a Gidan Runji. Dukansu uku suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, don haka zirga-zirgar ɗalibai da kaya ba za ta yi wuya ba.

Na uku, a bai wa ƙungiyoyin manoma irin su FUMA Gaskiya kujera a majalisar gudanarwa, a kuma rubuta tun farko yadda za a raba amfani tsakanin malami, ɗalibi da garin da dabarar ta fito. Manomin da ya ga an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta ba zai sake buɗe gonarsa ga mai bincike ba.

Na huɗu, a jawo alhazan Maraɗi, waɗanda suka daɗe da sanin kasuwar Kano da Katsina, su zuba jari. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai sauƙaƙa fitar da kaya, amma zai kuma sauƙaƙa shigowar na wasu.

Kammalawa

Ba a auna nasarar wannan unguwa da yawan gine-ginenta. Ana auna ta da yawan kamfanonin da suka rayu bayan shekara biyar, da yawan buhunan aya da aka sarrafa a gida. Kira ga shugabannin jami'a da na jaha shi ne su fara da ɗakin gwaji da wutar rana, su kuma zauna da manoman Ɗan Saga kafin a zana taswirar gini.