Horar da Malamai kan Koyar da Tarihin Ƙaura da Yaƙi da Wariyar Launin Fata: Nazarin Ingila da Wales

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda Ingila da Wales suka tunkari koyar da tarihin ƙaura da yaƙi da wariyar launin fata a makarantu. Matsayarta ita ce, duk gyaran da aka yi wa manhaja ba ya isa aji sai ta hannun malamin da ya san tarihin ciki da bai, kuma bitar yini guda ba ta wadatar da shi.

Gabatarwa

A watan Afrilun 1993 wasu samari farar fata suka daɓa wa Stephen Lawrence wuƙa har lahira yana jiran bas a Eltham, kudu maso gabashin Landan, yana ɗan shekara 18. Rahoton Macpherson na 1999, wanda ya biyo bayan kisan, ya samu 'yan sandan birnin da wariyar da ta yi kaka-gida a tsarin aikinsu, kuma cikin shawarwarinsa 70 har da wadda ta nemi a gyara manhajar makarantu don toshe kafar wariya. An ɗan motsa a 2016, lokacin da hukumomin shirya jarrabawar GCSE suka shigar da tarihin ƙaura zuwa Birtaniya cikin darussan zaɓi. Amma rahoton da cibiyar Runnymede da shirin bincike na TIDE suka fitar a 2019 ya nuna kashi 4 cikin ɗari kacal na ɗaliban tarihi ne suke ɗaukar darasin, alhali kashi 78 na malaman da aka tambaya sun ce suna neman horo a kansa. Abin lura shi ne, ba ɗalibi ke zaɓar darasin ba, sashen tarihi na makaranta ne ke zaɓa masa. Ashe kashi 4 ɗin nan ba ma'aunin sha'awar yara ba ne, ma'aunin ƙarfin gwiwar malamansu ne. Malami kuwa abin da ya karanta a jami'a, yake da littattafansa a kabad, shi zai ɗauka.

Irin Horon da Ake Bukata

A ɗauki darasi guda a gani. Ranar 22 ga Yunin 1948 fasinjojin jirgin ruwan Empire Windrush suka sauka a tashar Tilbury, yawancinsu daga tsibiran Karibiyan. Malamin da iyakar saninsa ke nan zai nuna hoton mutane sanye da kwat da malafa, ya ce baƙi ne suka zo neman aiki. Idan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "To me ya sa ba su koma ƙasarsu ba?" sai aji ya yi tsit, idanu su koma kan ɗalibar da kakanta ya sauka daga irin wannan jirgi. Malamin da ya samu horo ya san cewa fasinjojin talakawan daular Birtaniya ne, dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta tabbatar musu da 'yancin zama, kuma wasunsu sun yi wa rundunar sojan sama aiki a Yaƙin Duniya na Biyu, kamar yadda 'yan Boma daga ƙasar Hausa suka yi wa daular yaƙi a dazukan Bama. Ya san kuma ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan shaidar saukarsu a 2010, kafin abin kunyar 2018 ya fallasa, inda tsofaffi suka rasa aiki da magani, aka ma kori wasu daga ƙasar. Da wannan sani zai amsa wa yaron da hujja ba tare da ya kunyata shi ba, ba kuma zai mayar da ɗalibar nan kakakin jinsinta ba.

Ingila tana da abin koyi a cikin gida. Kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa wajibi ne a manhajar tarihi tun 1991, amma ba a tsaya nan ba: a 2008 aka kafa cibiya a Landan, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UCL, ta fara binciken abin da malamai suka sani da wanda suka jahilta, sannan ta gina horo kyauta a kan sakamakon. Wales ma ta gane haka. Bayan rahoton Farfesa Charlotte Williams na 2021 ta wajabta koyar da tarihin baƙar fata da 'yan Asiya da sauran tsiraru daga 2022, ta haɗa da shirin horar da malamai na DARPL. Tun kafin nan Betty Campbell, baƙar fata ta farko da ta shugabanci makaranta a Wales, ta daɗe tana koyar da wannan tarihi a firamaren Mount Stuart da ke Butetown ba tare da wata doka ta tilasta mata ba.

Masu suka suna cewa koyar da wannan tarihi cusa siyasa ne a aji, suna kafa hujja da dokar ilimi ta 1996 da ta haramta wa makarantu tallata ra'ayin ɓangare guda. Damuwarsu tana da tushe, sai dai maganin da suke nema yana cikin abin da suke ƙi. Malamin da ba shi da ilimin batun shi ne yake kwaso darasi daga intanet ko daga bakin 'yan gwagwarmaya ya juye wa yara ɗanye. Wanda ya ƙware yana iya raba abin da ake jayayya a kai, kamar adadin baƙin da ya kamata ƙasa ta karɓa, da abin da dokar daidaito ta 2010 ta riga ta yanke, wato haramcin wariya. Wasu kuma na cewa lokacin malamai ya cika, taron bita na yini ɗaya ya isa. Gaskiya ne aiki ya yi musu yawa, amma yini ɗaya yana iya sosa zuciya, ba ya koyar da tarihin ɗaruruwan shekaru. Don haka gurbin wannan horo shi ne kwas ɗin share fagen aikin koyarwa, a kuma ci gaba da shi a bakin aiki da kuɗin gwamnati. Muddin Ingila ba ta kafa wa tarihin ƙaura irin cibiyar da ta kafa a 2008 ba, shawarar Macpherson ta 1999 tana nan a takarda.