Daga Igiya zuwa Salula: Taƙaitaccen Tarihin Fanka

Kalmar "fanka" baƙuwa ce. Asalinta "pankha" a harshen Hindi: faffaɗan mahuci da ake ratayawa a rufin ɗaki, bara na jan igiya, maigida na shan iska. Turawan Ingila suka kawo kalmar Nijeriya, ta tsallako nan, tana gogayya da "bantilatar" ta Faransanci.

Da lantarki ya zo, makunnin bango ya karɓe aikin baran. Yau kuma ga makunni mai Wi-Fi: kana kwance ka rage gudun fanka da salula. Na gan shi a wani gida nan Lamorde, wallahi ya burge ni.

To amma 'yan uwa ɗalibai, wa ke riƙe da ainihin igiyar? Tun 1976 Yamai ke shan wutar madatsar Kainji. A Agustan 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta katse layin. Da wuta ta ɗauke, makunni mai wayo da marar wayo duk tsit, sai mahucin kaba. Tashar hasken rana ta Gorou Banda ta rage mana zafi, amma da sauran aiki. Kafin mu sayi makunni, mu tambayi inda kuran ke fitowa.