Waliyyi George da dodo a zane-zanen majami'u

Waliyyi George, wanda Larabawa ke kira Jirjis, Habashawa kuma Giyorgis, na daga cikin waliyyan Kirista da aka fi zana siffarsu a duniya.

Bisa al'adar majami'a, soja ne a rundunar daular Rum, wanda aka kashe wajejen shekarar 303, a zamanin Sarki Diocletian, saboda ya ƙi barin addininsa. Kabarin da ake dangantawa da shi yana garin Lod, a Isra'ila ta yau.

Labarin dodo

Hikayar da ta fi shahara game da shi ta bayyana ne ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, kuma ta bazu a yammacin Turai ta hanyar wani littafin tarihin waliyyai da Jacobus de Voragine ya tattara a ƙarni na 13.

Hikayar ta ce wani dodo ya addabi wani gari a Libiya. Mutanen garin sukan ba shi tumaki biyu kullum, daga bisani suka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yansu, har ta faɗa kan 'yar sarki.

Sai George ya soke dodon da mashi, ya ceci yarinyar, jama'ar garin kuma suka karɓi addinin Kirista.

Ma'anar zanen

Galibi akan zana shi a kan farin doki, dodon na ƙarƙashin kofatansa. Dodon na wakiltar Shaiɗan da mugunta, dokin da mahayinsa kuwa nasarar imani.

Raphael ya zana wannan arangama a farkon ƙarni na 16, kuma ɗaya daga cikin zanen nasa na gidan tarihi na Louvre a Paris. Na Paolo Uccello, wanda ya yi wajejen 1470, na birnin London.

A Habasha, hotonsa na jikin bangon majami'u da dama, kuma an ɗauki akwatinsa mai tsarki zuwa yaƙin Adwa na 1896, inda Habashawa suka ci sojojin Italiya.

Masana tarihi dai na ɗaukar batun dodon a matsayin almara. A 1969 majami'ar Katolika ta mayar da bikinsa na ranar 23 ga watan Afrilu na ganin dama a kalandarta ta gama-gari, amma har yanzu shi ne waliyyin Ingila, kuma jan gicciyensa ne a tutarta.