Zamanin da Wuri Ke Gugar Wuri

A watan Janairun 1851, a garin Tasawa da ke Jamhuriyar Nijar ta yau, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya zauna da wasu mutum biyar ko shida suna ƙirga kuɗin wani ciniki. Wuri ne har 500,000. A can bakin teku huda wuri ake yi a shirya shi a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake, dole a bi shi da yatsa. Ana jan biyar-biyar, wuri ashirin ya ba da hauya, hauya goma ta ba da tsibi guda, a yi ta jera tsibi har a kai zambar. Sarakuna kan ɗure nasu cikin keso, kowane keso 20,000, amma babu ɗan kasuwar da zai karɓi keso bai kwance ya ƙirga da kansa ba. Barth ya ce aikin jarumta suka yi a ranar.

Wanda ya saba tura kuɗi ta waya zai iya jin wannan ya ɗauka kakanninsa a duhu suke. Akwai ma masu koya wa yara cewa kafin zuwan Turawa cinikin ba ni gishiri in ba ka manda kawai aka sani. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma Turawan farko da suka ga Kano da idonsu ba su faɗi haka ba. Hugh Clapperton ya shiga Kasuwar Kurmi a 1824, ya tarar da rumfuna a tsare, kowace haja da layinta, ga sarkin kasuwa, ga dillalai. Ya yaba wa wuri saboda babu mai iya yin jabunsa, ya kuma yi mamakin saurin hannun masu ƙirga. Har ya lura cewa in an gama ciniki mai sayarwa kan mayar wa mai saye biyu cikin ɗari na kuɗin, don neman albarka. Mutanen da ke lissafin biyu cikin ɗari a kan kowane ciniki sun san abin da ake kira kuɗi.

Abin mamakin shi ne inda kuɗin ke fitowa. Wuri ƙwanson wata ƙaramar halitta ce ta teku, dangin dodon koɗi, mai son ruwan ɗumi marar zurfi. Wanda ya fi daraja, ƙarami mai sheƙi, daga tsibiran Maldif yake, a tekun Indiya, kudu maso yamma da ƙasar Indiya. Mutanen tsibiran kan jefa ganyen kwakwa a ruwa, halittun su maƙale a jiki, a jawo su tudu, a bar su cikin yashi har naman ya ruɓe, sannan a wanke ƙwanson. Ibn Battuta ya yi alƙalanci a tsibiran a shekarun 1340, ya ga ana sayar da wuri 400,000 a kan dinari guda na zinariya, ana kai wa mutanen Bangal a karɓo shinkafa. Bayan kamar shekara goma ya iso Mali da Gao, sai ya tarar da wurin nan dai ana ba da 1,150 a dinari. Ninki sama da 300 ke nan. Nisa da wahalar hanya su ne suka ba shi daraja: sai ya ƙetare teku, ya bi ta Masar ko Magrib, ya hau raƙumi ya keta Sahara.

Daga wajen 1515 'yan Fotugal suka fara zagayo da shi ta ruwa, daga baya 'yan Holan da Ingilishi suka ƙwace cinikin. Ya yi musu daidai, domin jirgin da ya ɗauko kaya marasa nauyi kamar yadi da kayan yaji yana bukatar abu mai nauyi a gindinsa don kada iska ta kifar da shi. Maimakon a zuba duwatsu sai a zuba wuri, a sauke a Amsterdam ko Landan, a sake loda shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Masana biyu da suka bi diddigin takardun kamfanonin, Jan Hogendorn da Marion Johnson, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai wurin da aka sauke ya haura biliyan 10. Abin da aka saya da mafi yawansa kuwa mutane ne. A tashoshi irin su Wida, a ƙasar Benin ta yau, da wuri ake biyan wani babban kaso na farashin bayin da aka loda zuwa gonakin rake na nahiyar Amurka. Duk mai ba da tarihin wannan kuɗi da gaskiya ba zai tsallake wannan ba.

Daga can gaɓa ya riƙa haurowa arewa ta ƙasashen Yarbawa da Nupe, da kuma hanyar Gwanja ta fataken goro. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Littafin ya kuma ce Sharefan nan ne ya ƙirƙiro haraji iri-iri, har da na 'yan matan da za a aurar. Da wuya a ce haɗuwar abubuwan biyu katsaham ce. Karɓar haraji da dawa ko shanu aiki ne mai wuya, amma abin da ake ƙirgawa, a ɗaure, a ajiye shekaru bai ruɓe ba, ya sauƙaƙa wa fada aiki. Magajinsa Kumbari ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har ta kusa mutuwa, Larabawan birni suka kwashe kayansu suka koma Katsina.

Babbar fa'idar wuri ita ce ƙanƙantarsa. A Kano ta 1851 liyari guda, wato azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tiriza ta Ostiriya, wuri 2,500 ne. Ashe ana iya raba azurfa guda gida 2,500, abin da kuɗin ƙarfe na Turai na lokacin bai iya ba. Mai ƙosai, mai fura, mai itacen girki, yarinya mai tallar daddawa, kowa na iya sayar da abin wuri biyu ko biyar a biya shi nan take. Matan kulle da ke kaɗi da saƙa da dafe-dafe a cikin gida da shi suke tara jarinsu, da shi suke wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Barth ya ƙiyasta cewa iyali guda na iya ci da sutura cikin wadata da wuri 50,000 zuwa 60,000 a shekara, kuma tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar sun kai na wuri miliyan 300. Magidanci na biyan kuɗin ƙasa 2,500, kowace karofi 700, ga karofi fiye da 2,000 a birnin kawai. Borno ta daɗe tana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, amma a shekarun 1840, zamanin Shehu Umar, ita ma ta karɓi wuri.

Aibinsa nauyi. Keso guda kayan mutum guda ne, raƙumi na yau da kullum ba ya wuce 100,000, abin da bai fi liyari 40 ba. Don haka manyan attajirai ba sa yawo da shi in suna da mafita. Sukan riƙe liyari, ko turkuɗi, ko su yi ciniki bashi ta hannun fatoma, a yi lissafi da wuri ba tare da wuri ya motsa ba. Sukan kuma riƙe bayi, domin bawa na tafiya da ƙafarsa, ya ɗauki kaya, a sayar da shi a zango na gaba in guzuri ya ƙare. Nauyin kuɗin da kansa ya taimaka wajen mayar da ɗan Adam abin biyan bashi.

Duk da haka farashi ya daɗe bai yi wani tsalle ba, saboda Maldif ba ta iya fitar da fiye da abin da take fitarwa, kasuwannin da ke bukata kuma kullum ƙaruwa suke. Abin da ya rushe wannan daidaito ya faro ne a 1845. Wani ɗan kasuwar Hamburg mai suna Adolph Jacob Hertz ya nemi sayen wuri kai tsaye daga Maldif bai samu yadda yake so ba, sai ya gano cewa a gaɓar Zanzibar akwai wani irin wuri, ɗan'uwan na Maldif, ya ɗan fi girma, da zobe ruwan ɗorawa a bayansa, ga shi birjik kuma da araha. Aka gwada shi a gaɓar yamma, kasuwa ta karɓa. Nan da nan kamfanin O'Swald na Hamburg da na Régis na Marseille suka shigo. Lokacin masana'antun Turai na neman manja ido rufe, don sabulu da kyandir da shafa wa injuna, kuma masu manja wuri suke so. Tsakanin 1851 da 1869 an sauke fiye da tan 35,000 na wurin Zanzibar a Afirka ta Yamma.

Babu sarkin da ya ba da umarni, babu wanda aka yi shawara da shi. 'Yan kamfanoni kaɗan ne a wata nahiya suka sami ikon ƙara yawan kuɗin miliyoyin mutane yadda suka ga dama, su kuwa riba kawai suke kallo. A Legas wuri 2,000 da ke daidai da fiye da sule huɗu wajen 1850 ya koma sisi kafin ƙarnin ya ƙare. A Kano faɗuwar ba ta kai haka ba, saboda kuɗin dako ya zama katanga, amma liyarin da Barth ya sani a 2,500 ya kai wajen 5,000 a shekarun 1890. Ga shi kuma sabon wurin ya fi tsohon nauyi. Daraja ta ragu, kaya ya ƙaru.

Charles Robinson, Baturen Ingila da ya zo koyon Hausa ya zauna a Kano a ƙarshen 1894 da farkon 1895, ya ba da labarin da ya nuna inda abin ya kai. Dokin ayarinsa ya yi rashin lafiya a hanya, ya kamata a sayar. Da aka yi lissafi sai aka ga ɗaukar kuɗin dokin zai ci 'yan dako goma sha biyar, kuma kafin a yi nisa ladansu ya cinye kuɗin kaf. Kuɗin da ba ya iya biyan dakon kansa ya gama aiki a fatauci mai nisa, ko da Turawa ba su ci ƙasar ba.

Sun ci Kano da Sakkwato a 1903, a 1904 kuma aka hana shigo da wuri Najeriya. Sabuwar gwamnati na son haraji da kuɗin ƙarfe, da shi take biyan soja da leburorin hanyar jirgi, kamfanonin kuza na Jos ma haka. Sai dai ta yi karo da matsalar da wuri ya daɗe da warwarewa. Sule guda ya haura wuri 1,000 a ko'ina, a wasu lardunan ya ninka haka, ko taro ma ɗaruruwa ne. Me mai kunu za ta yi da taro, ina za ta samo canji? Dole a 1907 aka buga anini, ɗaya bisa goma na kobo, da huda a tsakiya, da tauraro, da rubutun Larabci. Da sanholo aka fara yin sa, ya ƙi jure yanayin ƙasar, a 1908 aka koma gaurayen tagulla. Ko shi aninin ya kai wajen wuri goma, don haka a kasuwannin ƙauye aka ci gaba da ƙananan saye-saye da wuri shekaru da dama, kuɗin biyu na tafiya tare, 'yan canji na cin riba a tsakani, musamman in lokacin biyan haraji ya matso kowa na neman sule.

Abin da doka ta kasa yi da sauri, jirgin ƙasa ya yi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya fara ɗaukar kaya a 1912, shekarar da aka kafa hukumar buga kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Turawa auduga suka sa rai, manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Tsofaffin fataken goro, waɗanda suka san kan bashi da dillanci tun zamanin keso, su ne suka zama masu sayen gyaɗa ga kamfanoni, suka bazu ƙauyuka da jakunkunan sulalla. Alhassan Ɗantata na cikinsu. An ruwaito cewa kayan raƙumi ashirin na azurfa ya kai ajiya a bankin Turawa da ke Kano.

Ba ko'ina aka sallama da wuri ba. A yankin kogin Volta, inda Burkina Faso take a yau, Faransawa sun daina karɓar wuri a haraji tun farkon ƙarni na 20, amma matan kasuwa suka ƙi faran, suka riƙe wurinsu har shekarun 1940. Suna da hujja, domin a idonsu faran ya yi ta faɗuwa bayan yaƙin duniya na farko, wuri kuwa tunda aka daina shigo da sabo sai ya daina zubewa.

A Najeriya, lokacin da gwamnati ta ga dama ta kawar da manila, awarwaron tagullar da ake ciniki da shi a kudu maso gabas, ta buɗe wuraren canji a 1948 zuwa 1949, ta karɓi fiye da miliyan 32 ta biya masu su. Wuri bai sami wannan gata ba. Attajirin da ke hulɗa da kamfani ya riga ya juya dukiyarsa zuwa azurfa da gyaɗa da gidaje tun da sauran lokaci. Asarar ta faɗa kan wanda ajiyarsa ke cikin tukunya a ƙarƙashin gado, tsohuwa mai kaɗi da manomin da ke nesa da tasha, waɗanda suka yi ta tarawa biyar-biyar har ranar da mai gishiri ya ce ba ya karɓa.